Hoto Ba Ya Hana Gara Ci: Fashin Baƙi Kan Fasahar Zamani Da Kayan Tarihin Katsina

Kawuna yana da wata gafaka da ya gada, fatarta ta yi baƙi ƙirin don tsufa, cikinta fallayen takardu ne masu rubutun hannu, wasu da Larabci, wasu da ajami. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya jawo ta daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe ƙurar, ya ce, "Kai ɗan nan, yara sun ce in aka sa waɗannan a kwamfuta shi ke nan sun tsira. Haka ne?" Na ce, "Allah ya ja kwana, Kawu, da gaskiya a maganarsu, amma da saura." Wannan saurar ce na zo da ita, domin tambayar Kawu ita ce ke gaban duk wani gidan tarihi a ƙasar nan, har da namu na Katsina.

Gidan tarihin Katsina yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da shi. Ginin ƙasa ne, wato na tubali da laka. Ke nan abu mafi girma da gidan yake adanawa shi ne shi kansa gidan, kuma kamar yadda za mu gani, wannan ginin ƙasar yana wa kayan cikinsa wani aikin da mutane ba su cika lura da shi ba.

Kafin a yi maganar magani sai an san ciwo. Abin da ke cinye kayan tarihi a wajenmu ba ya zuwa da hayaniya. Da hunturu, danshin iska a nan Arewa yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuwa yakan haura kashi 70. Fata da itace da takarda da hauren giwa duk suna shan danshi suna kumbura, in iska ta bushe su tsuke. Kowa ya san ƙofar katako da ke cijewa da damina ta kuma saki da rani. To, tambari ko sirdi ko kuben takobi haka yake numfashi shekara da shekaru, har wata rana fatar ta dare ko ɗinkin ya ɓalle. Ƙarfe nasa ciwon tsatsa, tagulla kuma wani koren gari ne ke fito mata yana cin ta daga ciki. In danshi ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70, sai funfuna ta kama tufafi da takardu. Ga gara da asu da ɓera. Ga hasken rana da ke sa babbar riga mai aska ta koɗe, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa.

Na'urar farko da wannan ciwo yake buƙata ba ta da wani kwarjini. 'Yar aba ce kamar akwatin ashana, mai batir, da ake ajiyewa cikin akwatin nuni ko ɗakin ajiya tana rubuta zafi da danshi dare da rana. In aka ɗebi shekara guda ana karanta abin da ta rubuta, ma'aikaci zai san wane ɗaki ne ke jiƙa, wane bango ne rana ke gasawa, a wane wata ne haɗarin ya fi yawa. Daga nan sai a san inda za a kwashe kayan fata a kai, a kuma san inda za a sa ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, irin waɗanda muke gani a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi. Masana adana kaya sukan so danshi ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60, amma abin da suka fi tsoro shi ne hawa da saukar gaggawa.

A nan ne nake da ja da masu ganin cewa gyaran gidan tarihi shi ne a liƙa na'urar sanyaya ɗaki a kowane bango. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, to. Mu kuwa in an kawo wuta ɗaki ya yi sanyi, an ɗauke ya ɗau zafi, an tada janareta da safe an kashe da la'asar, kayan sun sha hawa da sauka sau uku ko huɗu a yini guda, abin da a da sai yanayi ya juya suke sha. Katangar tubali mai kauri tana jan zafi a hankali ta sake shi a hankali, shi ya sa soro ke da sanyi da rana, da ɗumi da dare. Wannan daidaiton shi kayan tarihi ke so. In akwai kuɗin sola, a ganina gara a fara da kwamfuta da fitilun zamani marasa zafi da firji.

Firjin ba na ruwan sanyi ba ne. Ɗaya daga cikin hanyoyin da gidajen tarihi na duniya ke kashe ƙwari yanzu ita ce a naɗe abu cikin leda a toshe, a sa shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na sati ɗaya zuwa biyu, ƙwaron da ƙwansa su mutu. Abin da ba ya jure sanyi kuma a rufe shi a jaka a janye iskar shaƙa daga ciki. Duk wannan don a guje wa fesa maganin ƙwari ne, wanda ke ɓata launi, yana kuma zama guba ga mai taɓa kayan daga baya.

Wani fannin na fasaha shi ne wanda ke sa abu ya faɗi tarihinsa da kansa, kuma Katsina tana da misalin da ya isa misali. A Durɓi Ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani, akwai tuddan kaburburan sarakunan farko. Baturen mulkin mallaka Palmer ya fara tona su a 1907, sannan a 1992 wasu masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi suka sake tono. An samu kayan ado na zinariya, da warwaron hauren giwa, da tsakiyoyi, da wuri, da kwanukan tagulla. Kaya irin waɗannan in sun fito daga ƙasa ba su da kyan gani, tsatsa da laka sun manne su, kuma daga ranar da suka sha iska lalacewarsu ke ƙara sauri. A 2007 aka kai su wani babban gidan tarihi da ke Mainz ta Jamus don a gyara su a kuma bincika, aka dawo da su Nijeriya a 2014.

Me ake yi a irin wannan ɗakin bincike? Hoton ƙashi irin na asibiti yana nuna siffar abu a ƙarƙashin tsatsa tun kafin a sa masa hannu, don kada mai gogewa ya kankare zanen da bai san da shi ba. Akwai na'urar da ake haska wa ƙarfe ta faɗi haɗinsa, jan ƙarfe kaza, dalma kaza, ba tare da an gutsuri komai ba, kuma haɗin yakan nuna daga wace nahiya ƙarfen ya fito. Akwai gwajin shekaru da ake wa duk abin da ya taɓa rai, ƙashi ko itace ko zare: wani nau'in sinadari a jikinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5,730, sai a auna abin da ya rage a ƙiyasta lokacin. Da irin waɗannan gwaje-gwaje aka sanya kaburburan tsakanin ƙarni na 13 ko 14 zuwa na 15 ko 16, aka kuma gane cewa ɗaya daga cikin kwanukan daga Gabas ta Tsakiya ya zo. Maganar da kakanni ke yi cewa Katsina kasuwar duniya ce, ayari na shigowa daga hamada, sai ga kwano ya tsaya mata shaida.

Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekara bakwai ɗin nan. Kayan kakanninmu sun yi shekara bakwai a wata ƙasa saboda nan ba mu da ɗakin da za a yi musu wannan aikin. Ban ga laifin Jamusawa ba, sun gyara sun dawo da su. Amma muna da jami'o'i a jihar nan, ga ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a gefen gari, akwai masu nazarin sinadarai, akwai masu nazarin tarihi. Sau da yawa abin da ya rage shi ne a haɗa su a ɗaki ɗaya, a tura matasa biyu ko uku su koyo aikin gyaran kayan tarihi a matsayin sana'a.

Yanzu mu koma kan gafakar Kawu, wato ɗaukar hoto, wanda shi ne abin da yawancin mutane ke nufi in sun ce fasahar zamani. Garin da ya fitar da manyan malamai irin Ɗan Marina da Ɗan Masani ba zai rasa takardu ba, kuma mafi yawansu ba a gidan tarihi suke ba, suna cikin zauruka da adakoki a gidajen malamai. Amfanin hoto a fili yake: ɗalibi ya karanta sau ɗari ba tare da ya taɓa takardar ba, na Kano da na Alƙahira su duba a lokaci guda, in kuma ƙaddara ta faɗa wa takardar, rubutun ya tsira. A watan Satumba na 2018 gobara ta cinye gidan tarihin ƙasar Barazil mai ɗauke da kaya kimanin miliyan 20, kuma abubuwa da yawa hotonsu kawai ya rage a duniya.

Amma hoto suna ya tara. Wanda yaro ya ɗauka da waya a tsaye, inuwarsa a kan takardar, ya tura ta WhatsApp manhajar ta matse shi, wannan na gaisuwa ne. Na adanawa ana kafa kyamara ne a bisa sanda tana kallon ƙasa, fitila biyu dama da hagu, a ajiye ma'auni da katin launi a gefen takardar, a ɗauki gaba da baya har da fallen da babu rubutu, a ajiye hoton da cikakken nauyinsa. Littattafanmu na da ba a ɗinke su, fallaye ne ake tarawa tsakanin tadarishi, kuma abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar nan da marubuci ke sa wa a ƙasan shafi, wadda za ta buɗe shafi na gaba. Wanda bai san wannan ba yana iya hargitsa littafi a yini ɗaya, ya ɗauki hotuna dubu masu kyau na abin da ba ya karantuwa. Don haka mai kyamara ba ya aiki shi kaɗai, sai da malami a gefensa.

Haske ma yana tono abin da ido bai gani ba. In aka sa fitila a bayan tsohuwar takarda, sau da yawa za a ga tambari mai siffar jinjirin wata, guda uku a jere, a cikin jikinta. Takarda ce ta arewacin Italiya da fatake ke kawowa ta Tarabulus da Masar, kuma irin tambarin yana taimakawa wajen ƙiyasta zamanin da aka yi rubutun. Tawadar gawayi da ƙaro ba ta cin takarda, amma wadda aka dafa da bagaruwa da kashin maƙera tana da ƙarfe a ciki, da daɗewa takan koɗe ko ta huda fallen. Akwai kyamarorin da ke ɗauka da hasken da idon mutum ba ya gani, su fito da rubutun da ya dushe, har su bambance tawadar marubuci da ta wanda ya zo daga baya ya yi sharhi a gefe.

Bari in ratse kaɗan, don abin yana ci mini rai. Mutane da yawa, da kyakkyawar niyya, suna kai tsofaffin wasiƙu shagon kwamfuta a manne su cikin leda da zafi. Wannan kisa ne. Zafin da gam ɗin suna shiga jikin takardar, kuma ba a iya ɓare ledar sai da rubutun. Haka salatif, bayan 'yan shekaru yakan bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita.

Mutanen Tambutu ta ƙasar Mali sun ga duka fuskokin wannan al'amari. A watan Janairu na 2013 masu tada ƙayar baya suka cinna wa takardun Cibiyar Ahmad Baba wuta, aka yi asarar kimanin 4,000. Dubban ɗaruruwa kuwa sun tsira saboda iyalai da masu ɗakunan karatu sun riga sun sulale da su zuwa Bamako cikin akwatunan ƙarfe, a mota da kwalekwale. Suna isa sai ga sabon maƙiyi, danshin Bamako, wanda takardun hamada ba su saba da shi ba. Aikin ɗaukar hotonsu ya zo daga baya, tare da aikin yi wa kowanne kwalinsa da busar da ɗakunan.

Gine-gine kuma fa? Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, wadda ake dangantawa da zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau, ba ta shiga akwatin gilashi. Ita ana iya yi mata hoto mai jiki: a zagaye ta da kyamara da ƙaramin jirgi maras matuƙi, a ɗauki ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffarta da awonta. In aka maimaita bayan kowace damina, za a ga inda ruwa ya zaizaye da inda tsaga ke buɗewa tun ido bai kai ga gani ba. Wata ƙungiya ta Jami'ar Cape Town ta yi wa masallatan ƙasa na Jenne da Tambutu irin wannan awo. Sunanta Zamani, wanda a Sawahili ke nufin da can, mu kuma a wajenmu yanzu, abin ya ba ni dariya da na fara ji. Haka cocin Notre Dame na Faransa da ya ƙone a 2019, awon da wani masani, Andrew Tallon, ya yi masa da na'ura kafin gobarar ya taimaka wajen sake gina shi. Amma waɗanda suka mayar da rufin kafintoci ne da suka sassaƙa itacen da gatari irin na da. Gobarau ma haka take: ko an auna ta har ƙwayar yashi, in babu maginin da ya iya kwaɓa makuba da laso, ya san daɓen soro da zaman azara, awon ba zai yi yaɓe ba. In kuwa aka ce a huta a shafe da siminti, danshi ya maƙale a ciki, bango ya ruɓe ta baya yana kyau ta gaba. Haka ganuwa da ƙofofinta, daga Ƙofar Guga har Ƙofar 'Yanɗaka.

Akwai ɓarnar da ba ta yanayi ba ce, ta ɗan Adam. Gumakan yumɓu da ake kira na Katsina da Sakkwato, tare da na Nok, suna cikin kayan da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kansu tun shekarar 2000 saboda yawan haƙar sata da fitar da su. Makamin da ya fi tasiri a nan shi ne rajista: kowane abu da lambarsa, hotonsa ta kowane gefe, awonsa, tabon da ya bambanta shi da ɗan'uwansa, inda aka samo shi. Abin da ba shi a rajista in ya ɓata ba ka da bakin cewa naka ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: a 2023 babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya bayyana cewa kaya kimanin 2,000 sun ɓata ko sun lalace, da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, har shugaban gidan ya ajiye aiki. A ɗaya gefen kuma, shafin Digital Benin da aka buɗe a Nuwamban 2022 ya tattaro bayanan kayan masarautar Benin sama da 5,000 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, galibinsu waɗanda sojojin Ingila suka kwasa a 1897. Mai neman a dawo masa da kayansa sai ya fara sanin inda suke. Kayan ƙasar Hausa da ke gidajen tarihin Turai, riguna da sulke da lifidi da takardu, su ma suna buƙatar irin wannan ƙidaya.

To amma shi kansa hoton a ina zai zauna? Takardar Kawu ta haura shekara ɗari ba caji ba batir. Filashi kuwa da faifan kwamfuta in sun yi shekara goma lafiya sun yi ƙoƙari, kuma wa ke da na'urar buɗe faifan da muka yi amfani da shi shekara ashirin da biyar da suka wuce? Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari daban, a kuma riƙa dubawa ana sauya musu mazauni. Wannan kuɗi ne na kowace shekara, ba na ranar yanka kirtani ba, kuma a nan ayyukanmu suka fi mutuwa: a ƙaddamar da shafin intanet da biki, shekara biyu kuɗin haya ya ƙare, kwamfutar da ke ɗauke da komai ta bi ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki. Manya ma ba su tsira ba. A Oktoban 2023 masu kutse suka durƙusar da kwamfutocin babban ɗakin karatu na Birtaniya, aka yi watanni masu bincike ba sa iya kaiwa ga abubuwa da yawa, alhali littattafan suna nan kan kantocinsu ba abin da ya taɓa su.

Saura abu ɗaya da ba ya fitowa a hoto ko a gwaji. Mai ziyarar rijiyar Kusugu a Daura ba ramin ruwa ya je gani ba, labarin Bayajida da Daurama ne ya kai shi. Takobin nan mai suna Gajere na fadar Katsina, in ka cire abin da aka sani game da shi, ƙarfe ne kamar kowane. Sunan kowane ɗinki a jikin riga, wane bafade ne ke riƙe wane kaya, wane take ake kaɗawa da wane tambari, duk suna cikin kawunan tsofaffi, kuma wayar da ke aljihun kowa ta isa ta naɗe su da murya mai kyau, muddin an rubuta sunan mai magana da rana da wuri. Tsofaffin kaset-kaset na gidajen rediyo ma zarensu yana mannewa yana mutuwa, su ne ya kamata a fara juyewa. Sai dai a shiga da sallama. Wasu kayan fada ba kowa ake nuna wa ba, wasu takardun gidan malamai asirin gida ne ko maganar gado, kuma mai abu yana da haƙƙin a bar masa kwafinsa, ya kuma faɗi abin da za a sa a intanet da wanda ba za a sa ba. Tsoron a karɓe ko a yaɗa ne ke sa mutane da yawa ƙin fito da abin da suke da shi.

Kawu ma sai da ya gindaya wannan sharaɗin. Muka nemo wani almajirinsa mai kyan karatu, muka shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, muka bi fallayen ɗaya bayan ɗaya muna sa lamba da fensir a lungu. Akwai guda tara da ya ware ya ce kada kyamara ta gan su, ba mu tambaye shi dalili ba. Gafakar kuma ta tashi daga ƙarƙashin gado ta koma kan kanta, nesa da bangon da ke jiƙa. A falle na 41 kalmar ƙasan shafi ta ƙi haɗuwa da farkon na 42, muka juya muka sake juyawa, babu. Kawu ya yi shiru, can ya ce yana jin sauran suna gidan ƙaninsa a Daura, tun rabon gado, kuma ya ce in shirya mota bayan Sallah.